Inci 32 sabuwa ko inci 43 ta hannu? Ku ba ni shawara kafin Asabar

Angon Ɗorayi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Biki saura wata guda, an gama fenti, kayan kallo ne kaɗai suka rage a wuyana. Naira 230,000 na ware, kuma ko sisi na ƙara a kai to kuɗin abincin 'yan ɗaurin aure na taɓa. Jiya na zaga Sabon Gari har wajen France Road, abu uku na gani da kuɗina za su iya ɗauka. Akwai inci 32 sabuwa dal ta kamfanin da kowa ya sani, da garanti, har da canji zan dawo. Akwai inci 43 ita ma a kwali, amma sunan ban taɓa jin sa ba, mai shagon ya ce simat ce, wato mai hawa intanet, kuma 4K. Sai wata inci 43 Beljiyam ta babban kamfani, ba kwali, rimot ɗin ma ba nata ba ne. Falon ƙafa 12 ne ta kowane gefe. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, Asabar nake son komawa.

Ɗan Ƙwallo na Kurna: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sa alheri. Wace shawara kuma? Ɗauki 43 kawai. Inci 32 ai ta shagon aski ce. Ranar da ake buga Firimiya sai ka matso da kujera kafin ka gane waye da ƙwallo.

Maman Ilham: Ƙanina Allah ya sanya albarka. Ni ta ɓangaren mata zan yi maka magana, don ku maza ba ku san abin da ake yi ranar jere ba. Dangin amarya za su shigo da kujeru da labule da kafet na kece raini, abu ɗaya da za su ɗaga kai su duba a matsayin naka shi ne abin da ke bango. In suka ga 'yar ƙarama, a gabanka ba wanda zai ce uffan, amma kafin magariba labari ya kai gidan kakar amarya. Kuma yarinyar nan ita za ta wuni a gida da ita, kai kana kasuwa ko ofis. Ka daure ka ɗauki babba.

Injiniya Mai Gyara: Ango barka. Gyaran talabijin ne sana'ata, don haka kafin na ce komai ina da tambaya uku. Wuta awa nawa kuke samu a layinku? In an ɗauke, inji kake tayarwa ko sola gare ka? Sannan me za a riƙa kallo, dish ne, dikoda ce ta biya, ko intanet?

Angon Ɗorayi: Oga wutar dai sai a hankali, wani lokaci da daddare take zuwa, kuma takan zo ƙasa-ƙasa, fanka da ƙyar take juyawa. Ina da ƙaramin inji irin mai haɗa mai da baƙin mai. Sola sai nan gaba in Allah ya hore. Kallo kuwa Arewa24 da tashoshin Makka da Madina, sai labarai, sai ƙwallo jefi-jefi.

Injiniya Mai Gyara: To ka riga ka ba kanka rabin amsa. A Kano ba tsufa ke kashe talabijin ba, wuta ce. Yawancin waɗanda ake kawo min shago, labarin ɗaya ne: an ɗauke wuta, an dawo da ita da ƙarfi, sai aka ji ɗan ƙauri. Wutar gida bolt 230 ya kamata ta zama. Amma in wayar nutural ta saki a taransifoma ko a jikin fal, abin da zai shigo wa wasu gidajen yana iya dosar 400, lokaci guda layi guda ya yi asarar kaya. Irin injin naka kuma, in mai ya kusa ƙarewa ya fara shaƙewa yana tashi yana sauka, wannan hawa da saukar yana cin bod ɗin wuta a hankali.

Saboda haka kuɗinka ba 230,000 ba ne na talabijin. Cire kuɗin gad mai kyau tukuna, wanda zai yanke in wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa, ya kuma jinkirta kafin ya saki bayan an kawo. Cire na ƙarfen maƙalawa a bango da ladan mai sawa. Abin da ya rage shi ne kuɗin talabijin.

Abban Sadiq: Injiniya ba sitabilaiza ya kamata ya saya ba? Tunda ya ce wutar ƙasa take zuwa.

Injiniya Mai Gyara: Yaya duba bayan taka ka gani, yawancin na zamani an rubuta 100–240V. Ma'ana ko wutar ta sauka zuwa 150 za ta kama abinta. Firij ne da injin ruwa ke wahala da ƙarancin wuta. Sitabilaiza ba laifi ba ce in da hali, amma ƙananan da ake sayarwa da araha ba su da saurin da za su tare wutar da ta zabura farat ɗaya. Gad ya fi masa amfani, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai ya duba inda gad ɗin ke yankewa ta ƙasa, don wani da wuri yake yankewa, a unguwa mai raunin wuta sai ya hana shi kallo gaba ɗaya.

Ɗan Ƙwallo na Kurna: Duk wannan bai hana shi ɗaukar 43 ba ai. Gad nawa yake?

Malamin Lissafi: Bari na shigo, don ɗan Kurna yana da gaskiya ta wani gefen kuma ba a ba shi ba. Mutane suna jin 32 da 43 sai su ɗauka bambancin kaɗan ne. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, don haka in ka lissafa faɗin fuskar gaba ɗaya, ta 43 ta kusa ninka ta 32, kamar sau 1.8. A falo mai ƙafa 12, in aka jera kujeru, tsakaninka da bango zai kai mita biyu da rabi zuwa uku. A wannan tazarar 43 ita ce daidai, 32 za ta yi ƙanƙanta, musamman wajen karanta rubutun da ke gudu a ƙasan labarai. Wannan ba gori ba ne, ido ne.

Amma 4K ɗin da mai shago ke yi maka talla, manta da ita. HD ta 32 yawanci 1366 da 768 ce, Full HD 1920 da 1080, 4K kuwa 3840 da 2160. Daga mita uku, a kan inci 43, idon mutum ba zai raba 4K da Full HD ba. Kuma tashoshin dish na kyauta da yawansu a layi 576 suke watsawa. Ko ka sayi 4K ta gaske, hoton da aka turo mata shi za ta baje maka.

Maman Ilham: Yauwa Malam, Allah ya biya. Ka ji ko ango? Har masu boko sun ce babba.

Injiniya Mai Gyara: Hajiya ni ma ban ce babba ba ta fi daɗin kallo ba. Tambayar ita ce wace babbar. Waccan mai baƙon suna, na buɗe irinsu ba adadi. Bod ɗinsu ba ya ba ni tsoro, na gama-gari ne, in ya ƙone akwai shi a kasuwa, a sa wani a wuce. Gilashin ne matsala. Wasu tsohon gilashi ake samowa a sa masa sabuwar riga da sabon kwali. Wasu kuma 4K ɗin a kwali kawai take, tana karɓar bidiyon 4K ta filash amma gilashin kansa 1080 ne ko ƙasa da haka. Har girman ma ana cin mutane: kwali ya ce 43, ka sa awo ka ga 40 ko 39. Ango ka tafi da tef ɗin tela. Daga kusurwar gilashi zuwa kusurwa, ban da baƙin firam, 43 santimita 109 ce, 32 kuma 81.

Kuma ku riƙe wannan: a talabijin ta yanzu, gilashi shi ne kusan duk kuɗin. Bod ɗin wuta ana gyarawa. In sauti na fita hoto babu, ka haska tocila ka ga inuwar mutane na motsi, fitilun baya ne suka mutu, ana canza su. Amma in gilashi ya fashe ko ya fara zane-zane daga sama zuwa ƙasa, kuɗin sabon gilashi da na sabuwar talabijin kusan kunnen doki ne. A nan ake barin mana su a shago ba a dawowa.

Kawu na Fagge: Araha ba ta ado, yaro. Kuma kar ka ci bashi saboda bakin 'yan jere. Su kwana ɗaya za su yi su watse, kai za ka zauna da mai bin ka.

Maman Ilham: Kawu ba wanda ya ce ya ci bashi. Ga ta Beljiyam nan, babbar ce, ta babban kamfani ce, kuma kuɗinsa sun kai. Tawa ta hannu ce, tun kafin a yaye Ilham muke kallonta, yanzu tana firamare, ko sau ɗaya ba ta je wajen gyara ba.

Abban Sadiq: Hajiya ke kin dace ne. Maƙwabcina ya ɗauko irinta, a shago hoto tangaran. Ashe an ƙure hasken ne ana nuna masa bidiyon furanni da kifaye masu kala. Sati uku sai ga wani baƙin tabo a gefen hagu kamar hayaƙi. Ya mayar, mai shagon ya ce garantin gwaji ne na kwana bakwai, ya wuce. Da ƙyar shugabannin layin suka sa baki aka rage masa kuɗin gyara.

Mai Sola na Hotoro: Ango tunda ka ce sola na nan tafe, tsaya ka ji nawa lissafin, don wannan ne mutane ke tunawa bayan sun riga sun saya. LED inci 32 tana cin wat 30 zuwa 50. Inci 43 kuma 60 zuwa 90, ya danganta da yadda ka ƙure haske. Batir mai 12V 100Ah wat-awa 1,200 ne a rubuce, amma in na ruwa ne ko jel, rabi ake so ka ci in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Cire abin da inbata ke sha. Da 32 za ka yi sama da awa goma. Da 43 ka ce shida ko bakwai, kuma ban sa dikoda da fanka da ƙwan fitila ba. A watan Afrilu da zafin Kano, in aka ce a zaɓa tsakanin fanka da kallo, ka san wanda amarya za ta zaɓa.

Abin da zan ja kunnenka a kai a cikin na hannu: a tabbatar LED ce. Mu nan duk mai faɗi plasma muke ce mata, to akwai plasma ta ainihi a cikin kayan Beljiyam, mai nauyi, gilashinta kamar madubi, in ta jima a kunne bayanta zafi rau. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014, ka ga duk wadda ka samu ta haura shekara goma. Inci 42 ɗinta tana iya cin wat 250. Awa shida kullum, yunit 45 ke nan a wata. Wanda ke Band A, rukunin da aka fi ba wuta, tun da aka ƙara kuɗi a Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, to sama da 9,000 a wata kan kallo kaɗai. LED 32 a wannan awannin yunit takwas ne da ɗoriya.

Angon Ɗorayi: Kai, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Wadda na gani siririya ce, ina jin LED ce. To Injiniya in na ce ita zan ɗauka, ta yaya zan gane lafiyarta?

Injiniya Mai Gyara: Ka zuba hotuna biyar a filash tun daga gida: fari sol, baƙi wuluk, ja, kore, shuɗi, kowanne ya cika fuska ba komai a ciki. Kar ka yarda da bidiyon mai shago. A kan fari za ka ga tabo, ko wasu ɗigo-ɗigon haske kamar an haska tocila ta baya, alamar murfin fitilun ya faɗo. In farin ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, fitilun sun tsufa. A kan baƙi za ka ga inda haske ke yoyo ta gefe. Sauran kalolin su ke tona ɗigon da ya mutu. Ka bar ta a kunne ko minti talatin ne, kuna hira, don wata cutar sai ta ɗau zafi take fitowa. Ka gwada kowane ramin HDMI da USB, inda ake soka dikoda da filash, ɗaya bayan ɗaya, ka ƙure sauti ka ji ko lasifika na karkarwa. Ka juya bayanta ka dubi sukurori, in kansu ya cinye an sha buɗe ta.

Sannan takardar bayan. Ta Ingila da sauran Turai wutarmu ɗaya. Amma ta Amurka wata 120V kawai aka rubuta, ta Japan 100V. Ka soka ta a bango kai tsaye, shi ke nan. Kuma na'urar kama tashar da ke cikin ta Amurka ba irin tamu ba ce, mu DVB-T2 ake amfani da shi a nan, sai dai ka bi ta dikoda.

Ko sabuwar ce ma, a buɗe kwalin a gabanka a yi mata wannan gwajin. Lambar da ke jikin kwali, da ta bayan talabijin, da ta katin garanti su zama ɗaya, a kuma rubuta ta a rasit. Ana liƙa sunan manyan kamfanoni a kan kayan da ba nasu ba, har tambarin da ke fitowa in an kunna ana iya sa shi.

Hajiya 'Yar Kwari: Ni kuwa Maman Ilham ban bi ki ba yau. Mun aurar da yara, mun je jere ba sau ɗaya ba. Masu magana ko inci 65 ya sa sai sun ce labulen bai dace da ita ba. Abin da ke ɓata wa amarya rai shi ne wata biyu da tarewa a ce talabijin na wajen mai gyara, bango ya zauna da ƙarfe tsirara, duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya. Sayen nagari mai da kuɗi gida. In Allah ya buɗa masa ya sayi babbar, wannan ta koma uwar ɗaka.

Maman Ilham: Hajiya ai kin san ba a komawa. Duk wanda ya ce "nan gaba zan canza", haihuwa ce za ta zo, sai suna, sai kuɗin makaranta. Shi ya sa nake cewa ya yi ta yanzu da yake da sauran ƙarfi.

Ɗan Ƙwallo na Kurna: Kuma fa 32 ɗin da yake faɗa ba simat ba ce. A wannan zamanin mutum ya sayi talabijin da ba ta hawa YouTube?

Malamin Lissafi: Da datar wa? Netflix da kansu sun ce awa guda ta HD tana iya cin gigabait 3, ta 4K har 7. Kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Mutumin da ke ƙirga kuɗin abincin ɗaurin aure ba shi ne zai riƙa ƙona gigabait uku a awa ba. Simat mai araha kuma ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, bayan ɗan lokaci ka danna rimot ka jira. In ya so intanet daga baya, ɗan akwatin Android ake sokawa a HDMI, in ya tsufa a canza shi shi kaɗai. Ni da kuɗina, gara gilashi mai kyau marar simat da simat mai gilashin da ba a san asalinsa ba.

Abban Sadiq: Ango ka leƙa manyan shagunan dillalan kamfani ma kafin ka yanke, ko na cikin Ado Bayero Mall a Zoo Road. Ba lallai ka saya a can ba, amma za ka ga yadda ta asali take, ka ji farashinta. In ka koma kasuwa aka ce maka ga irinta da ragin da hankali ba zai ɗauka ba, ka san akwai magana. Kuma ka tambayi inda ake kai ta in ta samu matsala, a Kano ne ko sai an tura Legas. Garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, yawanci ba ya ɗaukar ƙonewar wuta ma, shi ya sa maganar gad ɗin nan ba wasa ba ce.

Angon Ɗorayi: Jama'a na dawo daga kasuwa, Allah ya saka da alheri. Na tafi da tef da filash kamar yadda Oga ya ce. Mai baƙon sunan da na auna, santimita 101 na samu, mai shagon ya ce wai da firam ake haɗawa. Ta Beljiyam ɗin a kan ja da kore lafiya lau, ina sa farin sai ga ɗigon haske guda huɗu a tsakiya, ya ce zai rage min. Na yi ta juya abin a raina, don gaskiya girmanta ya shiga raina, har na kira wani abokina. Ƙarshe dai 32 ɗin na ɗauka, da gad, da ƙarfen bango, ragowar kuma zan sa dish. Maman Ilham a yi min afuwa.

Maman Ilham: Ba komai ƙanina, Allah ya sa a kashe lafiya. Amma ranar jere ka ce a sa hoto ko agogo ta kowane gefe, kar bangon ya yi fayau. Kuma ka gaya wa amarya ba a fesa mata ruwa ko goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan gangarawa yake ya shige ta ƙasa.

Ɗan Ƙwallo na Kurna: To ranar wasan ƙarshe na Zakarun Turai sai ka zo gidan kallo, zan ajiye maka benci.

Angon Ɗorayi: Oga Injiniya saura abu ɗaya. A adaidaita sahu na kawo ta a tsaye tsakanin ƙafafuna kamar yadda mai shagon ya ce, tana nan a kwali. Mai sawa zai zo gobe, ya ce can sama kusa da silin ake sawa saboda yara. Haka ne?

Injiniya Mai Gyara: A'a, kar ka bari. Inci 32 a kusa da silin wuyanku ne zai gaya muku, kuma in kana kallonta daga ƙasa hoton duhu yake yi. Zauna a kujera, inda idonka ya tsaya a bango nan tsakiyarta za ta kasance, ko sama da haka kaɗan. Yaran da za su kai hannu ai da saura. Kar ta fuskanci taga. Ya bar tazara a baya don iska, ya huda bulo da kyau ya sa fisha, robar nan da ke riƙe sukuru, ba ƙusa ba. In an kunna, shiga saiti ka fitar da ita daga yanayin shago ka mayar na gida, ka rage hasken baya zuwa wajen rabi, fitilun za su fi daɗewa. Da hunturu a riƙa rufe ta da yadi in an kashe, saboda ƙura. Da damina kuma in hadari ya haɗo ana walƙiya, kashe soket bai isa ba, zare filogin ka zare wayar dish daga dikoda, don ta nan tsawa ke biyowa ta ƙona HDMI, gad kuwa ba ya tsaron wannan hanyar.